Ranar da Leander Ya Soki Kifinsa

Leander Mauer ya shekara talatin da 'yan kai yana jan tankar madara a gabashin tafkin Winnebago, daga wannan gona zuwa waccan, daga can zuwa gidan cuku. Dogo ne mai ɗan ranƙwafawa, irin mutanen da in ka gaishe su sai sun yi jim kafin su amsa. Karnukan gonaki sun san kukan motarsa, ko kai ba sa ɗagawa. Da ya ajiye aiki aka haɗa masa 'yar liyafa a zauren coci, aka yi jawabai, ya tashi ya ce ya gode, ya zauna. Washegari ya farka tun kafin asuba kamar kullum, ya sa takalmi, sannan ya tuna ba inda za shi.

Giya kam yana sha, yadda kowa yake sha a wajenmu. Ranar Juma'a a ci soyayyen kifi a mashayar Verna a kora da kofi biyu, ranar biki a sha, ranar jana'iza ma a sha. Ba a taɓa ɗauko shi ranga-ranga ba, ba a taɓa jin muryarsa daga waje ba. Da za ka ce masa mashayi, da sai ya waiga ya ga da wa kake.

Matarsa Rosella 'yar masu shanu ce. A gonar mahaifinta ya fara ganinta, lokacin yana sabon direba, tana wanke garewani tana yi masa faɗa ya makara. Bayan aure ta yi shekaru tana dafa wa yara abinci a makarantar garin. Mantuwa ta soma mata a hankali, yau sunan maƙwabciya, gobe hanyar kanti. Daga baya abin ya tsaya a wuri guda. Kullum kafin gari ya waye sai ta tashi, ta zura takalman roba, ta nufi ƙofa za ta je tatsar shanun mahaifinta, shanun da aka sayar tun tana goyon fari. In 'yarsu Jolene ce ta tare ta, ko maƙwabciya, sai faɗa da kuka, ta ce so suke hantsar dabbobi ta kumbura. Amma a wannan lokacin Leander yana zaune a kicin da gahawarsa. Sai ya ce mata an riga an tatsa, shi da kansa ya kwashe madarar. Ta dube shi, ta tambaya ko ta yi auki yau, ya ce ba laifi. Sai ta cire takalman. Maganar mai tankar madara ce, ba ta musunta.

Jolene a birni take aiki, da ɗan nisa. Ta daɗe da sa sunan uwar a layin gidan kula da tsofaffi na garin da ke gaba, ba ta kuma ɓoye wa uban ba. Ta ce muddin yana gida yana kuma iyawa, ba za ta taɓa komai ba, amma ranar da ya zama ba ya nan, ita ba ta da wata dabara. Leander ya ce shi ina za shi.

Lokacin girbin masara aka binne wani tsohon abokin aikinsa. Aka ci abinci a zauren coci, aka wuce wajen Verna don a tuna da mamacin. Da la'asar ya tuna maƙwabciyar da ke zaune da Rosella lokacin tashinta ya yi, ya ɗauki makulli. A wata kwana barewa ta gitta, ya kauce mata, mota ta gangara rami ta kwanta a gefe. Ko ƙwarzane bai yi ba. Ɗan sandan da ya zo, wani matashi mai suna Tanner wanda Leander ya kwashi madarar kakansa shekara da shekaru, ya taimaka masa ya fito, ya kakkaɓe masa riga, sannan ya miƙa masa na'urar da ake hurawa don auna giyar da ke jikin mutum.

Da wannan ne karo na farko da aka kama shi yana tuƙi da giya a jiki, da tara ce kawai. Amma akwai wani a 'yan shekarun baya, wanda ya biya tararsa ya manta da shi. Kotu ba ta manta ba. Saboda haka maganar ta zama ta ɗauri. Aka karɓe lasisinsa, aka ba da belinsa a kan sa hannu kawai, da sharaɗi ɗaya: har a gama shari'a kada giya ta taɓa bakinsa, a ko'ina yake, da tuƙi ko ba tuƙi.

Lauyarsa, wata 'yar ƙaramar mace mai saurin magana da ake kira Lauya Vang, ta yi ta zirga-zirga har ta shawo kan mai gabatar da ƙara. Za a nemi mafi ƙarancin kwanaki, kuma saboda halin da matarsa take ciki ba za a hana ya yi su a gida ba, da munduwar hukuma mai nuna inda yake a ƙafarsa. Aka sa ranar hukunci ƙarshen hunturu. Abin da ya rage nasa ne, in ji ta, ya kai ranar da bakinsa a bushe.

Cletus ne ya kai shi ofishinta, ƙanin Rosella, gajere mai tumbi wanda ba ya ganin Leander bai tsokane shi ba. Daga bakin ƙofa ya tsoma baki.

"To ruwan inabin da Fada yake ba mu ran Lahadi fa, Lauya? Shi ma alƙali ya hana?"

"Ya karɓi gurasar ya wuce," in ji ta, ba ta yi dariya ba. "Mista Mauer, ka ji ni da kyau. Ba buguwa aka hana ka ba. Sha aka hana ka."

Ya kuwa riƙe. Lokacin farauta ya zo ya wuce, Kirsimeti ya zo ya wuce. Kwalaben da ke gidan ya tattara ya ba Cletus. Ya bar zuwa wajen Verna, sai Cletus ya riƙa kawo musu kifin Juma'a a takarda, ya dire a tebur ya ce ga sadakar ɗan fursuna. Gahawa ya koma sha. In an tambaye shi yaya yake ji, sai ya ce sanyin bana ya fi na bara.

Sai ga Fabrairu, watan mashi. Tafki ya daskare har manyan motoci na bi ta kansa, 'yan ƙungiyar masunta sun share hanyoyi sun kakkafa tsofaffin itatuwan Kirsimeti a jere don kada mutum ya ɓata, bukkokin katako sun bazu a kan ƙanƙara kamar sabon gari. Kowa ya yanka raminsa da zarto, ya jawo bukka ya rufe, ya toshe duk wata kafar haske, ya zauna a duhu yana kallon koren ruwa da mashi rataye a gabansa, ko stajin zai gitta. Kifi ne da kan fi mutum tsawo, ya kuma fi shi shekaru, ɗaya tak ake yarda mutum ya soka a shekara. Wasu a fitarsu ta farko suke samu. Mahaifin Leander ya soki da yawa. Cletus ya soka har ya daina ba da labari. Verna ma da ta fita sau ɗaya don a daina damunta, ta dawo da nata. Leander tun yana saurayi yake zama a kan rami, bai taɓa ganin ko wutsiya ba. Mai Gadin Rami suke ce masa, ya kuma saba.

Bai yi niyyar fita ba a wannan shekarar. Jolene ce ta zo hutun ƙarshen mako, ta dube shi ta ce ya rame, ya je ya sha iska, ita za ta zauna da Mama. Ya jira sai da aka yi maganar shanu aka gama, Rosella ta koma ta kwanta, sannan ya shiga a-kori-kurar Cletus. Tun daga gaɓa Cletus yake zuba, wai kifayen sun aiko a gaishe shi, sun ce da bai zo ba da ba su san inda za su ɓuya ba, don ƙarƙashin bukkarsa ne kaɗai wurin da ba a taɓa rasa rai ba a tafkin nan.

Kan ƙanƙara yana da wani hali. Ba wanda zai faɗa maka da baki, amma da tayar mota ta bar ƙasa ta hau tafki, mutanenmu sai su ji kamar sun fita daga hannun hukuma. Ba fitilar hanya, ba shinge, ba gidan kowa. Mutumin da ba ya ɗaga murya a gari, a can za ka ji yana waƙa. Abin da aka ci aka sha a can ba a haɗa shi da na tudu. Haka muka taras, haka iyayenmu suka taras.

Hantsi ya yi, murhun gas yana huci a kusurwa, Leander na zaune shi kaɗai a bukkarsa, Cletus na tasa can gefe. Hankalinsa yana gida. Sai ya ga kamar ruwan ya yi duhu ta gefe ɗaya, kamar an turo gungume a hankali. Ya ɗauka idonsa ne. Sai ga dogon baki mai gashi, sai ga baya mai tudu-tudu, yana ta shigowa bai ƙare ba. Bai san lokacin da ya miƙe ba. Ya sauke mashin daga ƙugiya, ya saita bayan kai yadda ya sha jin ana faɗa, ya saki. Igiya ta fizge ta ƙone masa tafin hannu. Ya bugi ƙofa da ƙafa ya kira Cletus, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Sai da maƙwabta suka kawo hannu kafin aka fito da shi. Ya kwanta a kan ƙanƙara yana buɗe baki, jini yana rina farin wurin. Labari ya zaga, aka yi ta fitowa daga bukkoki, wasu a ƙafa wasu a mota. Tsofaffi na dukan kafaɗarsa. Wani ya cire hula. Leander yana tsaye hannayen rigarsa na ɗigar ruwa, bakinsa ya ƙi rufuwa.

A gefenmu na tafkin, ranar da aka gina wa mutum bukka akan rataye masa kwalbar giyar burandi mai zaƙi a ƙusa bayan ƙofa, ba a buɗe ta sai ranar kifinsa na farko. Mai kifin ne zai fara kurɓa, ya zuba kaɗan a rami, sannan ta zaga. In bai sha ba, ba mai sha. Ta Leander mahaifinsa ne ya rataye ta da hannunsa. Takardar jikinta ta koɗe har ba ta karantuwa, da yawa daga cikin waɗanda suka ce a ajiye musu rabonsu suna maƙabarta. Cletus ya shiga ya fito da ita a hannu biyu kamar jariri ranar baftisma.

Leander ya ce su sha, shi ya yafe. Aka yi dariya, an ɗauka wasa yake. Ya sake faɗa, ya ambaci alƙali.

"Alƙali yana tudu, nan ruwa ne," in ji Cletus. "Ka ga kotu a nan? Kuma wannan ai ba giya ba ce, maganin sanyi ne, kakarmu da cokali take ba mu. Tsoho ya rataye maka abu yana can kwance yana jira, ka ce ka yafe?"

"Lauya ta ce ko ɗigo."

"Lauya ta taɓa sukan kifi? Kurɓi, Mai Gadi, mutane na jin sanyi."

Leander ya dubi fuskokin da suka kewaye shi, duk ya san su, ya san iyayensu. Ba shi zai ja mota ba. Gari yana can nesa, siriri kamar zare. Ya karɓa, ya murɗe murfin da ƙyar, ya kurɓa, ya zuba wa tafki nasa. Ta zaga ta dawo, ya ƙara. Daga baya ya ce ko daɗi ba ta yi ba, ta yi kauri kamar maganin tari.

Doka ce a kai kifi wurin awo a ranar da aka soke shi, wurin awon kuma a filin gaban mashayar Verna yake. Cletus ya ja mota yana ta danna hon, wutsiyar kifi na leƙe a baya. Filin ya cika. Aka rataye shi a sikeli, ma'aikata suka auna suka maƙala masa lamba, aka tsayar da Leander a gefensa ana ta ɗaukar hoto. Mashayar kuwa ko matakalarta bai taka ba. Yana sane.

Tanner na wurin, an turo shi ya kula da motoci. Ya ratso taro da fara'arsa ya miƙa hannu, ya ce da kakansa yana raye da ya yi murna. Leander ya matso kusa don ya ji shi cikin hayaniya, ya amsa masa. A daidai nan wani daga baya ya ɗaga kwalbar da ba komai a ciki, ya sanar wa duniya cewa yau dai an ga ƙarshen kwalbar Leander, mai ita kuma ya sha rabonsa har da ƙari. Aka yi tafi. Wayoyi na sama.

Murmushin Tanner bai tafi ba, ya dai tsaya wuri ɗaya. Ya saki hannun, ya koma wajen motocinsa. Sai da aka gama hotuna, aka sauke kifin, taro ya koma kan wani da aka kawo, sannan ya dawo ya ce da Leander ko za su ɗan zaga bayan mota.

"Ban tuƙa ba, Tanner. Cletus ne ya kawo ni."

"Na gani, Mista Mauer."

"A kan ƙanƙara ne. Ban shiga wajen Verna ba."

"Na sani. Da ma ban zo gaishe ka ba." Ya ciro na'urar. "Kowa ya ji, rabinsu sun ɗauka a waya. Ka hura."

Abin da na'urar ta nuna kaɗan ne, wanda da wani ne, ko a kan sitiyari yake sai a ce ya wuce. Amma sharaɗin ba shi da kaɗan. Tanner bai sa masa ankwa a gaban mutane ba. Ya buɗe masa ƙofar baya kamar mai rage masa hanya.

Asabar ce, alƙali sai Litinin. Asuba biyu Jolene ta yi ita kaɗai da uwar. Ta farko aka sha kuka. Ta biyu barci ya sace ta, ta farka ta ga ƙofa a buɗe. A bakin rumbun maƙwabta aka sami Rosella da rigar barci da takalman roba, tana neman inda aka kai shanu, yatsunta sun yi fari. Jolene ba ta gaya wa uban ba. Cletus ne ya gaya masa, idonsa a ƙasa.

Lauya Vang ta same shi kafin a shiga kotu, ranar ba ta yi sauri ba. Ta ce yanzu shari'a biyu ce. Ta tuƙi tana nan, ga kuma sabuwa ta karya sharaɗin beli, laifi ne mai zaman kansa da nasa hukuncin. Sa hannunsa ya daina isa, sai an ajiye kuɗi kafin ya fita, in ya fita kuma kullum sai ya je ya hura a ofishin hukuma. Maganar da suka ƙulla da mai gabatar da ƙara kuwa ta warware. Leander ya ce kurɓa biyu ne fa. Ta ce ba yawan ake dubawa ba. A da, abin da ke gaban kotu tsoho ne da ya yi kuskure a kwana. Yanzu tambayar ita ce, in an bar shi a gida aka ce kada ya yi abu, zai bari? Zaman gida da munduwa gaba ɗayansa a kan wannan amsar yake.

Cletus ya kawo kuɗin, ba wanda ya roƙe shi, ba wanda ya tambaye shi inda ya samo. Shi ne kuma yake kai shi hurawa kowace safiya. Kifin ya yanka ya yi banda, ya raba wa unguwa yadda aka saba, ya kawo babban yanki gidan. Rosella ta ci ta ce gishiri ya yi yawa. A 'yan makonnin nan Leander ya koma kujerarsa ta kicin, ana maganar shanu ana gamawa lafiya, sai dai in ta koma ta kwanta yakan daɗe a zaune gahawar ta huce a gabansa.

Ranar hukunci ƙanƙara ta fara baƙi, an janye bukkoki. Alƙalin dattijo ne ɗan gefen tafkin, ya saurari kowa bai katse ba. Lauya ta yi maganar Rosella, ta yi maganar watannin da ya riƙe, ta soma bayyana al'adar kwalba. Alƙali ya ce ba sai an bayyana masa ba, tasa tana nan a rataye. Aka ɗan yi dariya a baya, shi bai yi ba. Ya ce iyakar saninsa tafkin nan yana cikin yankin kotunsa, a daskare ko a narke. Ya haɗa laifin biyu ya yanke wata biyu da 'yan kwanaki a gidan yari, ba zaman gida, ya kuma tsawaita riƙe lasisin. Amma ya ba da izinin a riƙa sakinsa da rana ya je ya kula da matarsa, ya koma da yamma. Ya tambaye shi ko yana da magana.

Leander ya miƙe, ya dafa tebur.

"Ya mai shari'a, na gode. Ko za a juya mini? A riƙe ni da rana, a sake ni da dare. Da rana kowa zai iya zama da ita. Asuba ce ba mai iyawa."

Alƙali ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa. Ya ce gidan yari kwana ake yi a cikinsa, ƙofarsa kuma ba ta buɗuwa sai an karya kumallo an ƙirga mutane, wannan ba ya hannunsa. Ya ce ya yi haƙuri. Ya kira shari'a ta gaba.

A makon nan ɗaki ya samu a gidan tsofaffin, Jolene ta karɓa. Ta ce na ɗan lokaci ne, har ya fito. Tana ninke kayan uwar ta faɗa, ba ta dube shi ba. Shi kuma ya ɗauko bargon da Rosella ta fi so ya ɗora a kan akwatin. Da za ta tafi ta rungume shi ta ce, "Ni na ce ka fita, Baba." Ya ce kifi ne ya zo, ba ita ta aiko shi ba.

A gidan yari shi ne mafi tsufa a ɓangaren masu fita da rana. Samarin suna ce masa Kaka, sun ji labarin kifin, kullum sai sun sa shi ya gwada tsawonsa da hannu. Yana farkawa a lokacinsa, ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa har a buɗe. Cletus na jira a waje da inji a kunne. Makonnin farko rediyo ne kawai ke magana a motar, yana faɗin farashin masara.

Yakan iske Rosella an yi mata wanka an zaunar da ita a falo wajen taga. Ma'aikatan mutanen kirki ne. Sun ce da farko takan tsaya a ƙofar waje tana bugu, ƙofar kuwa sai an danna lamba take buɗuwa. Likita ya ƙara mata wani magani, yanzu tana barci har rana ta fito. Ta san shi, tana kiran sunansa, takan gyara masa kwalar riga. Sai dai tafiyarta ta koma jan ƙafa, magana ta ragu. Yakan ba ta abinci a baki, ya karanta mata jarida, in yamma ta yi ya ce zai je ya dawo.

Ranar da ya gama zaman gidan yari ciyawa ta yi kore, tafki ya koma ruwa. Ya share gida, ya wanke labule, ya kafa ƙarfen dafawa a banɗaki. Jolene ta bugo waya ta ce ba za ta hana shi dawo da Rosella gida ba, matarsa ce, amma ya sani in aka saki ɗakin akwai masu jira, ba a sake samu. Ya ce ya ji.

Ya tafi da rigar sanyinta. Ya sa mata, ya ɓalla maɓallan, ya ce za su gida. Ta ce to. Suka bi baranda a hankali, hannunta a cikin nasa, ma'aikaciya ta danna lamba ƙofa ta buɗe. Iska ta shigo, ga hasken fili, ga motar Cletus. Rosella ta tsaya. Ta kama ƙarfen ƙofar da hannu biyu, jikinta ya ɗauki rawa, ta tambaye shi me ta yi za a fitar da ita. Ya ce gida za su, gidansu. Ta ce ai ta gyara gadonta, ba ta yi wa kowa rashin kunya ba, ya roƙar mata su bar ta.

Ya san da ya ja ta da ta biyo, ba ta da nauyi. Ya ce da ma'aikaciyar ta rufe. Ya mayar da ita wajen tagarta, ya cire mata rigar, ya zauna har rawar ta tsaya, har ta soma gyangyaɗi. Rigar a kabad ɗin ɗakinta ya rataye ta. Daga baranda ya kira Jolene ya ce a bar mata ɗakin.

Cletus bai tambaya ba da ya ga ya fito shi kaɗai. Ya tayar da mota. Sun yi nisa kafin ya ce, idonsa a kan hanya, akwai wani ɗan ɗakin haya a bayan kantin magani, tsallaken titi da gidan tsofaffin, mutum zai iya zuwa da ƙafa ko ba lasisi. Wai shi ma ji ya yi ana faɗa.

"Har ka gaji da ɗaukata?" in ji Leander.

"Tun ranar da ka auri yayata na gaji da kai."

"Yana da taga?"

"Ɗaya. Bango take kallo."

"Mu je mu gani."

Cletus ya rage gudu, ya nemi inda zai juya.

A can Leander yake zaune yanzu. Gidansa kuwa, wasu ma'aurata masu ƙananan yara ne suka saya, sun yi masa shuɗin fenti. In ka bi ta titin da hantsi za ka gan shi yana tsallakawa a hankali, yana ɗaga wa motoci hannu su ba shi hanya.